Kafin a haƙa harsashi: Dokokin filaye da kuɗaɗen da ke kan mai gina gida a Najeriya

A Najeriya mutum kan biya kuɗin fili cif, ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da shaidu, ya kai gini har linta, sannan ya wayi gari da jan fenti a jikin bango da umarnin dakatar da aiki. Dalilin hakan a mafi yawan lokuta shi ne doka ta raba abubuwa uku da jama'a suka saba ɗauka a matsayin abu guda: cinikin fili, haƙƙin zama a kansa, da izinin yin gini. Kowanne yana da ofishinsa da takardarsa da kuɗinsa. Wanda ya san hukumar da ke da iko a kan filinsa, gwamnatin jiha ce ko ƙaramar hukuma ko gwamnatin tarayya, shi ne ya san inda zai kai kuɗinsa da takardar da za ta tsaya masa a gaban kotu.

Dokar da ta ɗora filaye a hannun gwamna

Tushen lamarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashe na 1 na dokar ya danƙa dukkan filayen da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe su amana domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce abin da mutum yake mallaka a idon doka haƙƙin zama da amfani da fili ne, tare da abin da ya gina ko ya shuka a kai.

Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta sa filaye ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma ita ma ta gaji dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910. A Kudu kuwa, inda iyalai da al'ummomi ke riƙe da filayensu kai tsaye, dokar 1978 ta zo da babban sauyi.

Sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba dokar kariya ta musamman. Ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa, wato da amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar dattawa da na wakilai, da kuma majalisun dokokin jihohi 24 daga cikin 36. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Ina ikon ƙaramar hukuma ya fara, ina ya tsaya?

Dokar ta kasa filayen jiha kashi biyu. Duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin ikonsa kai tsaye. Sauran yankunan kuma suna hannun ƙaramar hukumar da suke ciki. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma damar bayar da haƙƙin zama na gargajiya a waɗannan yankuna domin noma, gina gida, kiwo da sauran buƙatu. An sa mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 domin noma ko hekta 5,000 domin kiwo ba sai da yardar gwamna.

Abin da ya kamata mai sayen fuloti ya lura da shi shi ne kalmar birni a nan sanarwar gwamna ce ke tabbatar da ita, ko da wurin gonaki ne a ido. Garuruwa na faɗaɗa, gwamnatocin jihohi kuma na shigar da ƙauyukan gefe cikin da'irar birni. Daga ranar da aka yi hakan, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin raba sabon fili a wurin. Shi ya sa filayen awon igiya da ake yankawa daga gonaki a bayan gari suka fi jefa mutane cikin rikici: an saya bisa al'ada, amma wurin ya riga ya shiga taswirar jiha, wataƙila ma an ware shi domin titi ko makaranta ko magudanar ruwa.

Gwamna yana da ikon bayar da haƙƙin zama a ko'ina cikin jiharsa, birni ko karkara. Shi ne kuma dokar ta ambata a Sashe na 9 a matsayin mai bayar da takardar shaidar haƙƙin zama, wadda aka fi sani da C of O, kuma wa'adinta a filayen gidaje yawanci shekara 99 ne. Mai riƙe da haƙƙin gargajiya ma yana iya neman ta. Masu unguwanni da dagatai da hakimai suna da muhimmanci wajen sanin tarihin fili da iyakokinsa, sai dai dokar ba ta ba su ikon raba filaye ba.

Abuja tana da nata tsarin daban. Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan filayen Babban Birnin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke raba su. Ƙananan hukumomi shida na yankin, wato ta birnin Abuja da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, ba su da wannan iko.

Sayen fili da amincewar hukuma

Sashe na 22 ya haramta sayar da fili mai haƙƙin zama daga gwamna, ko jinginar da shi, ko miƙa shi ga wani, ba tare da amincewar gwamnan ba. Sashe na 21 ya tanadi makamancin haka ga haƙƙin gargajiya, inda ake neman amincewar ƙaramar hukuma. Cinikin da ya saɓa wa wannan ɓatacce ne, kamar yadda Sashe na 26 ya nuna. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa sharaɗin ya shafi har filayen birni da mutane suka mallaka tun kafin 1978.

Ita kanta C of O ba ta wanke fili mai ɓataccen asali. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar ba ta ba mai ita haƙƙi idan wani ya tabbatar da cewa ya riga shi mallakar wurin ta halastacciyar hanya. Saboda haka bincike a ofishin filaye kafin biyan kuɗi wajibi ne. Jihohi da dama sun mayar da bayanan filayensu cikin kwamfuta, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, NAGIS a Nasarawa da AGIS a Abuja.

Izinin gini takarda ce ta daban

Mallakar fili ba ta ba mutum damar fara gini. Sai ya miƙa zanen ginin ga hukumar tsara birane ta amince. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar tsara birane da yankuna a 1992, amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne, gwamnatin tarayya kuma ikonta a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Tun daga lokacin kowace jiha ke bin dokarta. A Kano hukumar KNUPDA ce ke wannan aiki, a Kaduna KASUPDA, a Legas LASPPPA ke bayar da izini yayin da LASBCA ke sa ido a kan yadda ake ginin.

Abubuwan da aka saba nema sun haɗa da shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gini daga ƙwararren mai zane da ke da rajista, zanen injiniya idan bene ne, da shaidar biyan haraji. Hukumar na duba ko an ware wurin domin gidajen zama, da tazarar da aka bari tsakanin gini da titi da katangar maƙwabta, da yawan hawa. Akwai wuraren da ba a gini a cikinsu ko da mutum na da takarda: hanyar ruwa, gefen manyan titunan tarayya, kan bututun mai, da ƙarƙashin manyan layukan lantarki. Ga layin da ke ɗauke da kilobolt 330, ana barin mita 25 ta kowane ɓangare. Ga mai 132 kuma mita 15.

Kuɗaɗen da wanda ake biya

A matakin fili, jiha ce ke karɓar kuɗin fom, kuɗin safiyo, kuɗin farko na bayar da fili, da kuɗin hayar ƙasa da ake biya duk shekara. Inda gwamnati ta yanka sabuwar unguwa, takan ƙara kuɗin raya wuri domin tituna da kwalbatoci da magudanan ruwa. Idan saye aka yi daga hannun wani, akwai kuɗin amincewar gwamna, harajin hatimi da kuɗin rajista, waɗanda yawanci ake lissafawa bisa darajar filin. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha kuma yana sauyawa. A 2015, alal misali, Legas ta rage jimillar waɗannan kuɗaɗe daga kashi 13 cikin 100 zuwa kashi 3. Kuɗin izinin gini kuwa ya danganta da girman ginin da unguwar da yake da abin da za a yi da shi.

Rabon ƙaramar hukuma yana cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya ɗora mata kimanta gidaje domin harajin gida bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Dokar jerin haraji ta 1998 ta kuma sa kuɗin haƙƙin zama a filayen karkara cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da aka ɗora wa alhakin ba. Wasu jihohin sun haɗe harajin gida da kuɗin hayar ƙasa wuri guda, kamar yadda Legas ta yi tun 2001.

Kuɗin da matasan unguwa ko masu iƙirarin gadon ƙasa ke tilasta wa mai gini ya biya kafin a sauke yashi ko a ɗora kwano ba ya cikin kowace doka. Legas ta mayar da shi laifi a dokar kare kadarori ta 2016. La'adar dillali da abin da ake ba shaidu al'ada ce ta ciniki, ba sa maye gurbin kuɗin hukuma.

Ƙwace fili da biyan diyya

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama idan ana buƙatar filin domin amfanin jama'a, bayan an ba mai shi sanarwa. Diyyar da Sashe na 29 ya tanada ta ginin da amfanin gona da sauran aikin da aka yi a kai ce, ban da darajar ƙasar kanta. Ana kuma iya sokewa idan aka karya sharuɗɗan takardar, kamar ƙin biyan kuɗin hayar ƙasa. A watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya amince da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin da ya haura shekara 10. Ginin da aka yi babu izini kuwa, in rusau ya biyo ta kansa, da wuya mai shi ya samu hujjar neman diyya.

Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Mai niyyar gini ya fara tabbatar da ko filin na cikin yankin birni, ya yi bincike a ofishin filaye, ya sa lauya ya rubuta yarjejeniya, ya nemi amincewar hukuma da izinin gini kafin ya buga bulo. Duk kuɗin da zai biya ya shiga asusun gwamnati ta banki, ya kuma adana rasit ɗinsa tare da takardun gidan.