Yadda magunguna ke tsayar da aikin ƙoda, da alamomin da ya kamata a lura da su

A ƙarshen watan Yulin 2022, likitoci a asibitin koyarwa na Edward Francis Small da ke Banjul, babban birnin Gambiya, suka fara lura da wani abin tashin hankali. Ana kawo musu ƙananan yara da zazzaɓi da amai, bayan 'yan kwanaki sai fitsari ya ɗauke musu baki ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin yara 70 sun rasu sakamakon tsayawar ƙoda.

A ranar 5 ga watan Oktoban shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura na ruwa guda huɗu da kamfanin Maiden Pharmaceuticals na Indiya ya haɗa, bayan gwaji ya gano sinadaran diethylene glycol da ethylene glycol a cikinsu. Kamfanin ya musanta cewa yana da laifi, sai dai kwamitin majalisar dokokin Gambiya da ya binciki lamarin ya ɗora masa alhaki.

Gurɓataccen magani irin wannan shi ne ke jan hankalin duniya. Amma likitoci sun fi cin karo da wata matsalar a kullum, wato magani mai kyau da aka sha fiye da ƙima, ko aka sha a lokacin da jiki ba zai iya ɗaukarsa ba.

Me ya sa ƙoda ke saurin cutuwa?

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa ta cikin ƙoda yake bi, kuma a kowace rana ƙodar baligi na tace ruwa kimanin lita 180. Tana mayar da kusan dukansa cikin jini, ta fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari.

Magunguna da yawa ta wannan hanya suke barin jiki. Yayin da ƙoda ke janye ruwa, sinadarin maganin yana ƙara kauri a cikin 'yan siraran bututunta, saboda haka abin da ba ya cutar da wasu gaɓoɓi yana iya cutar da ita.

Idan aikin tacewar ya faɗi cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, shi ake kira tsayawar ƙoda farat ɗaya. Ta bambanta da ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda ke cin jiki a hankali tsawon shekaru, galibi saboda ciwon suga ko hawan jini. Mai zuwa farat ɗaya sau da yawa tana warkewa idan an gano ta da wuri aka kawar da abin da ya jawo ta.

Gubar da ke ɓuya a maganin ruwa

Sinadarin diethylene glycol na masana'antu ne, ana amfani da shi a man birkin mota da ruwan sanyaya inji. Ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, kuma ya fi araha a kan sinadaran da aka amince a narkar da magani a cikinsu, irin su glycerin. Da wannan arahar yake kutsawa cikin magungunan yara.

Matsalar ta daɗe. A 1937 wani maganin ruwa da aka haɗa da shi ya hallaka mutum fiye da 100 a Amurka, abin da ya sa ƙasar ta kafa dokar tabbatar da lafiyar magunguna a 1938. A Najeriya, yara 47 sun rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a 1990 bayan shan gurɓataccen farasitamol na ruwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 kuma, maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin rasuwar yara 84, ciki har da waɗanda aka kwantar a Legas da Ibadan da Zariya. A 2022 Indonesiya ta rasa yara sama da 200, sannan a 2023 WHO ta yi gargaɗi kan wani maganin tari mai suna Naturcold a Kamaru.

Magungunan yau da kullum

Magungunan kashe raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac suna cikin waɗanda aka fi sha, kuma ana samunsu a kemis da wajen masu talla ba tare da takardar likita ba. Suna aiki ta hanyar toshe wasu sinadarai da ke jawo zafi da kumburi. Sai dai waɗannan sinadarai su ne kuma ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatan ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙaranci.

Mutum mai lafiya da ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu bisa ƙa'ida, da wuya ya ga illa. Haɗarin yana ga wanda gudawa ko amai ko zazzaɓi ya ƙarar masa da ruwa, ko lebura da ya yini a cikin rana yana zufa ya dawo ya haɗiyi ƙwayoyi don ciwon jiki. Haka ma ƙullin magunguna da wasu masu kemis ke haɗawa, domin sau da yawa yakan ƙunshi masu kashe raɗaɗi iri biyu da ke aiki iri ɗaya.

Haɗarin yana ƙaruwa ga mai shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari. Waɗannan magunguna suna da amfani, na farkon ma suna kare ƙodar masu ciwon suga. Amma idan aka ƙara musu ibuprofen ko diclofenac, ukun kan taru su rage ƙarfin tacewa.

Allurar gentamicin, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta masu tsanani, tana iya lahanta bututun ƙoda idan aka ɗauki kwanaki ana yin ta, shi ya sa asibitoci ke auna ta da nauyin mara lafiya suna bibiyar jininsa. Wasu kuma jikinsu ne ba ya jituwa da magani, sai ƙodar ta kumbura, kamar yadda kan faru jefi-jefi da dangin penicillin ko maganin gyambon ciki omeprazole.

Maganin gargajiya ma bai tsira ba. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da ya ƙunshi wani tsiro mai suna aristolochia. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, kuma ba shi da ma'auni, yana wahalar da likita wajen gano musabbabin ciwo.

Su wane ne suka fi shiga haɗari?

Tsofaffi, da jarirai, da masu ciwon suga ko hawan jini, da masu ciwon zuciya ko hanta, da duk wanda dama ƙodarsa ta raunana. Mai shan magunguna da yawa a lokaci ɗaya shi ma yana cikin sahun.

Alamomi da abin yi

Babbar alama ita ce raguwar fitsari ko ɗaukewarsa. Akwai kuma kumburin ƙafafu da fuska, da kasala, da tashin zuciya, da ruɗewa, da sarƙewar numfashi. Wani lokaci fitsarin ba ya raguwa, sai gwajin jini na creatinine ne ke nuna cewa ƙoda ta gaza.

Yaron da ya yini bai yi fitsari ba bayan an ba shi magani, asibiti za a kai shi nan take, a tafi da kwalbar maganin. Babba ma haka: ya tattara duk abin da yake sha, har da na gargajiya, ya nuna wa likita.

A asibiti ana dakatar da maganin da ake zargi, a yi ƙarin ruwa idan jiki ya bushe, a lura da sinadarin potassium wanda taruwarsa kan tsayar da zuciya. Idan abin ya yi tsanani ana yin wankin ƙoda, wanda ga mutane da dama na ɗan lokaci ne har ƙodar ta farfaɗo. Wasu kuwa ba sa komawa daidai, su kan ƙare da ciwon ƙoda mai daɗewa.

Likitoci na ba da shawarar kada mai gudawa ko amai ya sha ibuprofen ko diclofenac. Farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda, ko da yake wuce ƙima a shansa na lalata hanta. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina da kansa, ya tambayi likitansa tun yana da lafiya abin da zai yi ranar da amai ko gudawa ya kama shi. Maganin yara kuma a saye shi a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar kula da magunguna ta ƙasa, kamar NAFDAC a Najeriya ko FDA a Ghana, da ranar da zai lalace.