Gawayi a Cikin Safa: Tarihin Wani Horo

A ƙasashen Turai da Amurka, yaro kan rataye safarsa kusa da murhu a daren sallar Kirsimeti, wadda masu jin Faransanci ke kira Nowel, ya kwanta zuciyarsa na ɗar-ɗar. In ya yi ladabi cikin shekara, zai wayi gari da alewa da lemu. In kuwa ya gagara, abin da aka yi masa alkawari shi ne dunƙulen gawayi baƙi ƙirin.

Ita safar ana danganta ta da Waliyyi Nikola, babban limamin Kirista na birnin Mira, cikin Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4. An ce wani talaka ya rasa abin da zai aurar da ƴaƴansa mata uku, sai Nikola ya jefa musu zinariya cikin dare don ya rufa musu asiri. Masu ruwaya na baya suka ƙara da cewa zinariyar ta faɗa cikin safar da aka shanya a bakin wuta. Babu gawayi ko kaɗan a wannan labari.

Horo daga baya ya shigo, kuma tsumagiya ce makaminsa. A daren 5 ga Disamba, jajibirin ranar tunawa da waliyyin, akan haɗa shi da abokin tafiya mai ban tsoro: Père Fouettard a gabashin Faransa, Krampus a Ostiriya. A ƙarni na 19, lokacin da gawayin ƙasa, wato kwal, ya maye gurbin itace a murhun biranen Amurka, sai shi ma ya samu shiga cikin safa. Dalilin da aka fi bayarwa mai sauƙi ne: mai rabon kyauta ta bututun hayaƙi yake saukowa, gawayi ne mafi kusa da hannunsa. Ko banza dai ya fi bulala tausayi, tunda kunya yake sa wa, ba tabo ba.

Italiyawa suka ƙarasa kashe masa kaifi. Can wata tsohuwa ce mai tsintsiya, Befana, ke yin rabo a daren 5 ga Janairu, gawayin da take bari a yau kuwa sukari ne da aka rina baƙi. Haka ma a Sipaniya. Yaro ya sha faɗa, ya kuma tsotse hukuncinsa.

Sai dai ba ko'ina ne gawayi yake abin kunya ba, domin wanda ya san ɗarin Turai ba ya raina abin hura wuta. A Sikotilan, baƙon da ya fara taka ƙofar gida bayan tsakar daren sabuwar shekara yakan zo da dunƙulen kwal a hannu, ya sa a murhu, fatan kada wuta ta mutu a gidan har shekara ta zagayo.