Dogon da Ya Tsaya a Kumasi: Bawku da Alkawarin Shekara Ɗari

A kudancin Gana, idan aka ce a dawo da jirgin ƙasa, kowa ya san abin da ake nufi: tashoshin da ciyawa ta cinye, da layukan da 'yan tireda suka kafa rumfuna a kansu. A Bawku maganar ta sha bamban, domin ba a taɓa jin jiniyar jirgi a garin ba. Abin da Bawku ta rasa hanya ce da ta girmi dogo, kuma dogon ne ya kashe ta, sa'annan ya ƙi zuwa ya maye gurbinta.

Kafin zuwan Turawa, arewacin Gana na yau shi ne tsakiyar kasuwa. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna shafe watanni a hanya, madugu a gaba, jakai na biye da kanwa da tufafi da fatu, har su sauka Salaga su sayi goron da Asante ke turowa. Wannan shi ne fataucin Gwanja. Wasu ayarin kan biyo ta Sansanne Mango da Yendi. Mosawa kuwa, masu shanu da tumaki da saƙi, sukan gangaro daga Wagadugu ta Tenkodogo su ratsa Bawku da Gambaga. Zangunan Hausawa da ke garuruwan nan a yau, yawancinsu daga wannan zirga-zirga suka samo asali.

Salaga ta fara rauni bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya sassauta. Yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran wurare. Amma abin da ya ƙarasa tsohuwar hanyar shi ne dogo. A 1898 aka fara shimfiɗa dogo daga Sekondi, ya kai Tarkwa mai zinariya a 1901, ya shiga Kumasi a 1903. Can a Nijeriya dogo ya isa Kano a 1911. Daga nan lissafi ya sauya: a ɗora huhunan goro a jirgin ruwa zuwa Legas, a zuba su a tarago zuwa Kano, cikin kwanaki kaɗan goron ya isa da ɗanyensa. Wa zai ƙara wahalar da jaki wata uku? Dogon da ya mai da Kano birnin dalar gyaɗa, shi ne ya mai da Salaga da Yendi da Bawku bayan gari.

Turawan mulki sun san da wannan giɓi. Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar daga 1919 zuwa 1927, ya sa layin arewa a cikin shirinsa na raya ƙasa na shekara goma, da fatan a riƙa fito da gyaɗa da man kaɗe da auduga. A zamaninsa aka gama layin Akra zuwa Kumasi a 1923, aka gina tashar jiragen ruwa ta Takoradi wadda aka buɗe a 1928. Layin arewa kuwa a takarda ya ƙare. Waɗanda suka gaje shi suka ce ba zai mai da kuɗinsa ba, ga motocin lori sun fara yawa, ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta iso.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan babi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun leburori. Ta hannun sarakuna ake tara samari, wasu ba da son ransu ba, a tura su ramukan zinariya da aikin dogo a kudu. Da guminsu aka fasa daji aka jera ƙarafan, amma idan ɗayansu ya tashi komawa gida, jirgi ya sauke shi a Kumasi, sauran tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Bawku ya san yadda zai yi da ita.

Duba taswira ka ga yadda aka yi wa yankin ƙawanya daga nesa. Layin Togo ya tsaya a Blitta. Layin Faransawa daga Abijan ya kai Bobo-Diyulaso a 1934, ya shiga Wagadugu a 1954. Na Gana ya tsaya a Kumasi. Bawku, mai iyaka da Togo da Burkina Faso, tana tsakiya babu wanda ya taɓo ta. Salaga ma ta sake shan wani bugun bayan gina madatsar Akosombo a 1965: tafkin Volta ya faɗaɗa mashigar Yeji, babbar hanyar Tamale ta koma ta Kintampo da Buipe.

Wanda ke son ganin kuɗin wannan rashi, ya je kasuwar Bawku, mai ci duk bayan kwana uku, a lokacin kakar albasa. 'Yan dako na jera buhuna a bayan babbar mota har su zarce ƙarfen gefe, a ɗaure da igiya, mai kaya ya tsaya yana ƙirga kuɗin mota da na shingayen hanya. Albasa ba ta son zafi da jinkiri. Idan mota ta lalace kwana biyu a hanya, ta ƙasan buhu ta fara ruwa, riba ta tafi. Shanu ma haka, a tsaye a cunkushe, yaran mota na zaune a kan katako a samansu suna lura kada wata ta faɗi a tattake ta. Hanyar Bolga zuwa Bawku da Pulmakom, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2016, ta sha tsayawa da tashi. Shi ya sa maganar dogo ba ta buƙatar dogon bayani a wurin ɗan kasuwar arewa.

Sai dai son jama'a kaɗai bai isa ba, kuma makwabta sun gwada. A 1985, da masu ba da bashi na waje suka ƙi sa kuɗi, shugaban Burkina Faso Thomas Sankara ya kira mutanen ƙasarsa su shimfiɗa dogo da hannunsu daga Wagadugu zuwa Kaya, da niyyar kaiwa ga ma'adinan Tambao. Ma'aikata da ɗalibai da sojoji suka fito suna ɗaukar ƙarfe da tsakuwa. Layin ya kai Kaya bayan an kashe Sankara, amma bai kai Tambao ba, kuma da babu kayan da za su riƙe shi sai ya kwanta.

A 2017 Gana ta kafa ma'aikatar raya jiragen ƙasa, aka farfaɗo da shirin haɗa Tema da Wagadugu. Kashi na farko, kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan, an yi shi da bashin Indiya, aka ƙaddamar da shi a Nuwamban 2024. Bisa tsarin, layin zai bi ta Hohoe da Yendi da Tamale da Bolga ya fita ta Paga. Yendi ta samu shiga. Bawku tana gefe da kimanin kilomita 80.

A ganina yanzu ne lokacin magana, tun zanen yana kan takarda. Ƙungiyoyin 'yan albasa da dillalan shanu da sarakunan zango da 'yan majalisar yankin su ne za su iya kawo lissafin buhu nawa da shanu nawa ke fita kowane mako, domin da irin wannan lissafi ake shawo kan mai ba da bashi. Kuma dole a faɗi mai ɗaci: rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, da dokar hana fita da ya jawo shekara da shekaru, ya kori 'yan kasuwa da dama daga garin. Babu kamfanin da zai kai injiniyoyinsa inda direbobi ke tsoron bi da dare, kuma reshen dogo zuwa Bawku buƙata ce da ɓangarorin biyu za su iya sa wa hannu a takarda ɗaya.