Kod-bar: abin da wayar salula ke gane wa mai gida, da abin da ba ta ganewa

Kod-bar su ne layukan nan baƙaƙe da ke jikin gwangwanin madara, sabulu ko kwalin magani. An fara karanta su a kanti a Amurka cikin 1974. Yau kyamarar waya ta isa: manhajoji irin Google Lens ko Open Food Facts, da aka kafa a Faransa a 2012, suna karanta lambar, su nemo sunan kayan a intanet.

Yawanci lambobi 13 ne. Uku na farko suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajista: 615 Nijeriya, 690 zuwa 699 Sin, 300 zuwa 379 Faransa. Ba lalle ba ne can aka ƙera kayan.

A gundumomin Dogondutsi da Tibiri, inda kaya da yawa ke shigowa daga Nijeriya da rubutun Ingilishi, wannan na taimakon wanda ya yi karatu da Faransanci. Sai dai lambar ba ta ɗauke da farashi ko ranar lalacewa, kuma mai jabu na iya kwafarta. A duba ranar da ke jikin kwali, da lambar hukumar NAFDAC ga abinci da maganin Nijeriya.

Abin da aka juye cikin leda ko gorar ruwa, kamar kananzir da maganin ƙwari, ba shi da lamba. A rubuta sunansa a jiki, a ajiye inda hannun yaro bai kaiwa.