Ƙiriniyar Ɗalibai da Hukuncin Gwamnati

Tun kafin zuwan Turawa malaman ƙasar Sakkwato sun bambanta abubuwa biyu, watau ladabi da uƙuba. Ladabi na malami ne da uba, uƙuba kuwa ta alƙali ce. Wannan rabo ba su ne suka ƙago shi ba, gado ne na mazhabar Malikiyya. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malamai, inda ya taƙaita dukan yaro ga bulala 3, kada kuma a wuce 10 ko da laifin ya yi girma, kuma kada malami ya yi duka cikin fushi. Haddi kuwa ba ya hawa kan wanda bai balaga ba.

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, ba ta rushe wannan iyaka ba. Ta ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, haka ma ɗan ƙasa da 12 in hankalinsa bai nuna ba.

Inda aka saki hanya shi ne 1984. A shekarar ne gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja ta 20, wadda ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. Satar amsa ba wasa ba ce, ta fi ɓoye alli ko tsokanar maigadi nauyi nesa ba kusa ba. Amma a auna: saurayi ɗan shekara 18 daga Mabera, wanda ya shiga da 'yar takarda a aljihu, zai fito kurkuku yana gab da 40, sa'o'insa suna aurar da 'ya'ya. Wane shugaban makaranta ne zai miƙa ɗan maƙwabcinsa ga irin wannan, alhali gobe sahu ɗaya za su tsaya da uban a masallaci? Tsananin dokar shi ya ɗaure hannun masu aiki da ita, satar kuma ba ta daina ba.

A 1999 aka fito da Doka ta 33. Ɗalibin da bai kai 18 ba, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. An sauko ƙwarai, ko da yake har a nan maganar ta bar hannun malami ta koma kotu.