Daga Abuja Zuwa Sanyinna: Iyakar Majalisar Tarayya a Kan Auren Musulmi

Mutumin Sanyinna yana da wakilai biyu a Majalisar Tarayya: ɗan majalisar mazaɓar Kebbe da Tambuwal cikin wakilai 360, da sanatan Sakkwato ta Kudu cikin dattawa 109. A zaurukan nan biyu ake yi wa ƙuduri karatu uku. A na biyu ake muhawara kan manufarsa, kwamiti ya tace shi ya saurari jama'a, a na uku a zartar. Idan majalisun suka saɓa, sai a haɗa kwamitin daidaitawa. Shugaban ƙasa yana da kwana 30. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ya isa ƙudurin ya zama doka.

Sai dai ba kowace dokar da ta bi wannan hanya ce take iso Sanyinna ba, kuma nan ne ɗalibin fiƙihu ya kamata ya tsaya.

Jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Tarayya ya ambaci ƙulla aure da warware shi a lamba ta 61, amma ya togace auren Musulunci da na gargajiya. Irin wannan rabon iko yana da tarihi. A Majalisar Tsara Mulki ta 1978 wakilai Musulmi sun fice daga zaure saboda an ƙi kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin Tarayya, aka ƙare da barin irin wannan kotu ga jihar da take so, tana duba aure da gado da waƙafi da riƙon yara.

A 2003 Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta hana aure kafin shekara 18. Ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba, sai wadda majalisarta ta karɓa. A Yulin 2013 batun ya sake tasowa a Majalisar Dattawa, da aka nemi soke sashe na 29(4)(b) mai ɗaukar matar aure a matsayin wadda ta cika shekaru. Sashen kan barin zama ɗan ƙasa yake magana, abin da mafi yawan masu hayaniyar lokacin ba su kula da shi ba. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya kafa hujja da lamba ta 61, aka sake ƙuri'a, masu son sokewa suka sami 60 alhali ana buƙatar 73. A ganina hujjar ta fi dacewa da dokar aure fiye da gyaran tsarin mulki, amma ƙidaya ce ta yanke hukunci.

Aminu Waziri Tambuwal ya shiga Majalisar Wakilai a 2003 daga wannan mazaɓa, ya zama kakakinta daga 2011 zuwa 2015. Duk da wannan muƙami, dokar yara ba ta shafi garinsu ba. Sai a 2021, yana gwamna, ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato, bayan majalisar jiha ta zartar da nata ƙudurin, shekara 18 bayan na Abuja.