Mafarkin Ɗalibai da Ma'aunin Himma: Waiwaye a Kan Wani Bincike na 1966

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a Leipzig ta ƙasar Jamus, masana halayyar ɗan'adam suke fafutikar ganin iliminsu ya tsaya a kan ƙa'idojin kimiyya. Ƙa'idojin kuwa su ne a faɗi hasashe kafin a tattara bayanai, a yi ma'auni mai auna abin da aka ce zai auna, a zaɓi mutanen da za su wakilci jama'ar da ake magana a kanta, sannan a bar ƙofa a buɗe domin wani ya maimaita gwajin. A wannan maƙala za mu ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan wani bincike da ya shafi Hausawa kai tsaye.

2.0 Binciken LeVine

A 1961 David McClelland ya fitar da littafinsa The Achieving Society, inda ya ce bunƙasar arzikin al'umma tana da nasaba da yawan himmar cim ma buri a zukatan mutanenta. Robert LeVine na Jami'ar Cikago a Amurka ya kawo wannan ra'ayi Nijeriya, ya buga sakamakon a 1966 cikin littafin Dreams and Deeds.

Hasashensa ya dogara ga nazarce-nazarce irin na M. G. Smith a kan mulkin Zazzau. Ya ce a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 mutum kan ɗaukaka ta hanyar barantaka da biyayya ga ubangida, alhali a ƙasar Ibo ta hanyar ƙoƙarin kansa yake ɗaukaka, Yarabawa kuma suna tsakani. Saboda haka ya yi tsammanin samarin Ibo za su zo kan gaba wajen himma, Hausawa su zo ƙarshe. Ya sa ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, 65 daga cikinsu Hausawa, su rubuta mafarkansu, aka ƙidaya mafarkan da ke ɗauke da alamun gasa da neman fifiko. Sakamakon mafarkan ya zo daidai da jerin da ya yi hasashe. Ɗaliban sun kuma rubuta insha'i a kan yadda ake zama mutum mai nasara, inda Hausawa suka fi ambaton ladabi da biyayya.

Wajibi ne mu yi wa LeVine adalci. Ya faɗi hasashensa a fili ta yadda bayanai za su iya ƙaryata shi, ya bayyana hanyar da ya bi, ya kuma tattauna wasu dalilan da za su iya haifar da irin wannan sakamako. Wannan shi ya ba na baya damar bin sawunsa.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce ta wakilci. A farkon shekarun 1960 ɗan sakandare a Jihar Arewa abin nunawa ne da yatsa. Mu ɗauki misali da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu: in an auna ɗalibanta na wancan zamani, an auna zaɓaɓɓun yara ne da suka tsallake jarrabawa, ba a taɓa manomin Gwaram ba, balle almajiri, ko mace, ko falke. Samari 65 na boko ba za su yi magana da yawun miliyoyin Hausawa ba.

Ta biyu ita ce ingancin ma'auni. Tsarin ƙidayar ya samo asali ne daga wanda McClelland da abokan aikinsa suka gina a Amurka, suka buga a 1953. Abin da ya kai hannun mai bincike kuwa shi ne abin da yaro ya yarda ya rubuta. Musulmi ya taso da koyarwar cewa mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, kyakkyawa kuma sai ga masoyi. Ga kuma kunya, ga karin maganar da ke cewa yabon kai jahilci. Yaron da ya yi mafarkin ya fi tsara, ya ƙi rubuta wa baƙo, ma'auni zai lissafa shi cikin marasa himma.

Ta uku ita ce shaidar tarihi. A 1969 Abner Cohen ya nuna yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin goro da shanu, kuma ta hanyar dangantakar maigida da yaransa suka yi hakan. Paul Lovejoy a 1980 ya bayyana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, fagen da Alhassan Ɗantata ya fara tara dukiyarsa. Ke nan biyayya ga maigida tana iya zama tsanin da mai himma ke hawa, abin da ma'aunin bai tanadi wurin ganewa ba.

4.0 Abin da Ya Biyo Baya

LeVine da kansa ya dawo ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga ƙarshen shekarun 1960, a kan tasowar yara. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, ciki har da LeVine, suka buga nazarin jarirai Hausawa 18 da aka lura da su a cikin gidajensu, aka ga jariri yakan shaƙu da mutum fiye da ɗaya daga masu renonsa. Zama a gida da lura sun nuna abin da takardar tambaya ba ta nunawa. Haka kuma a 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya tattaro siffofin mutumin kirki daga harshen Hausa kansa, irin su gaskiya da amana da haƙuri da mutunci.

Duniya ma ta farga. A 2010 Henrich da Heine da Norenzayan suka nuna cewa galibin waɗanda ake gwadawa a wannan fanni mutanen ƙasashen Yamma ne, da yawansu ɗaliban jami'a. A 2015 aka maimaita gwaje-gwaje 100, aka tarar kimanin 36 cikin 100 ne suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

5.0 Kammalawa

Littafin LeVine ya fito a shekarar da Nijeriya ta ga juyin mulki biyu, lokacin da ake jifar juna da siffofin ƙabila. Sakamakon da aka raba shi da sharuɗɗansa makami ne a irin wannan hali. Mu malaman kwalejojin horon malamai, ɗalibanmu ne za su tsaya gaban yaran Birnin Kudu da Gwaram, kuma malamin da ya yarda cewa ɗan Bahaushe ba shi da himma ba zai nemi himma a wurinsa ba. Don haka duk ɗalibin da ya kawo mana kundin bincike, mu tambaye shi su wa ya auna, da wane harshe, a ina aka gina ma'auninsa, kuma wane sakamako ne zai sa ya janye hasashensa.